Mastas a famasi: riba ko ɓata lokaci?

Ɗan Pantami: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Shekara 5 ta B.Pharm, digirin farko na famasi, yajin aikin ASUU na 2022 ya ƙara mana wata 8, ga intanship, ga bautar ƙasa. Yanzu kowa a gida tambayarsa ɗaya, yaushe za ka tafi mastas? Da kuɗin wa? TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, malamai take ɗaukar wa nauyi, ba irinmu ba. Ka ƙare kuɗinka, ka sha jiran mai duba aikinka, ƙarshe ka dawo ka tsaya a kemis kamar wanda bai je ba. Ɓata lokaci ne wallahi.

'Yar Bolari: Kemis? Da bakinka, ƙanina? Mai kemis lasisinsa na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Kai kuma PCN, hukumar kula da sana'ar famasi, ce ta yi maka rajista bayan ka yi rantsuwa. In mu da kanmu muna kiran wurin aikinmu kemis, wa zai daraja mu?

Ɗan Pantami: Anti, wa ke cewa famasi a garin nan? Tsohuwa ce za ta shigo ta kwance takardar asibiti daga bakin zaninta ta ce, ɗan nan, nan ne kemis ɗin? In tsaya gyara mata?

Na Jekadafari: Ku daina raina masu kemis. Babana da kemis ya biya min karatun nan. A ƙauyukan Dukku da Nafada in yaro ya kwana da zazzaɓi, wa ake buga wa ƙofa cikin dare? Ku kuna can?

'Yar Bolari: Ba wanda ya taɓa Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma nawa ne a cikinsu ke ƙirga wa mutum ƙwaya 4 ta amoxicillin a leda su ce ya je ya sha? Ta haka magani ke daina aiki.

Na Jekadafari: Ki kawo hujja. Kuma a manyan famasi ba a yi?

Uwar Biyu: Ku dawo kan zancen mana. Mai son koyarwa ko bincike ba makawa sai mastas da PhD. Mai aikin asibiti kuma hanyarsa felo ta WAPCP, kwalejin ƙwararrun famasis ta Afirka ta Yamma, ita ke kai mutum matakin konsaltan. Sai ka san inda ka dosa kafin ka cike fom.

Autan Tudun Wada: Mu 'yan PharmD, digirin doktan famasi, shekara 6 muke yi, da dokta za mu fita. Wannan rigimar ta ku ce, 'yan B.Pharm.

Ɗan Herwagana: Yaro man kaza. Mu da muka fito daga ABU Zariya mun ga jiya mun ga yau. Je ka ɗakin marasa lafiya ka ce kai dokta ne, ka ga abin da likitoci za su yi maka.

Autan Tudun Wada: Yaya, kullum Zariya, Zariya. Mu na GSU, Jami'ar Jihar Gombe, ba famasis ba ne? Lasisinku ya fi namu ne?

Ɗan Herwagana: Tambayi malamanka inda suka yi karatu.

Na Jekadafari: Ni har yanzu hujjar amoxicillin nake jira.

Admin: Ya isa haka. A matsayina na wanda ke koyarwa, ga abin da na tsinta. Akasarinku kun yarda ƙaro karatu shi ne mafita, kuma Uwar Biyu ta faɗi gaskiya. Sana'ar nan tana buƙatar masu bincike da malamai, jami'o'inmu na Gombe da Bauchi suna buɗe ido su ga 'ya'yansu sun dawo aji. Ɗan Pantami gajiya ce ke damunsa, za ta wuce, kuma ina sa ran ganin fom ɗinsa bana. Kalmar kemis kuwa 'Yar Bolari ke da gaskiya, kada a sake kiran famasi da ita a zauren nan. Na rufe sharhi sai bayan isha'i.