Na bar aikin jarida na koma gonar kifi, yanzu na makale

Salam yan uwa, don Allah ina neman shawara. Na dade ina aikin jarida, bana na samu aikin hulda da jama'a a wata gonar kifi kusa da Jidda, karfasa muke kiwo, wadda Larabawa ke ce wa bulti.

To satin da ya wuce injin da ke ba ruwa iska ya tsaya cikin dare, ga zafin nan, iska ta kare a ruwa, da asuba na je na tarar kifi sun taso sama fari fat, ma'aikata na kwasa da raga ana zubawa a baro. Wani ya dauki bidiyo ya watsa a WhatsApp, yanzu masu gidajen abinci sai kira suke wai cuta ce.

Manaja ya ce in rubuta sanarwa in ce komai lafiya lau. Wallahi hannuna ya ki, ni da na saba bin diddigi. Ni dai ina ganin mu fadi gaskiya, ba cuta ba ce, inji ne ya lalace, amma yana tsoron kwastomomi su gudu. Wadanda suka taba irin wannan aiki, yaya zan shawo kansa ba tare da na rasa aikina ba? Ikamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, a hannunsu take.