Wa ya iya kallon King Kong na 2005 a zama ɗaya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na kunna wa yara King Kong ɗin darakta Peter Jackson, bayan na cika musu baki cewa za su ga goggon biri mai tsayin bene. Awa guda ta wuce babu biri babu alamarsa, sai mutane a jirgin ruwa suna ta surutu. Ummi ta juyo ta ce, "Baba, anya ba wani fim ɗin ka sa mana ba?" Minti 187 ne fa, alhali na asalin, na 1933, bai wuce minti ɗari ba. Ku ya kuka kwashe da shi?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ni a gidan kallo na fara ganinsa a 2006. Kafin jirgin ya isa tsibirin da birin yake rabin benci sun watse, wasu har da neman a mayar musu da kuɗinsu. Mu da muka daure muka ci riba. Da aka zo inda birin yake dambe da dodanni uku, yarinyar fim ɗin na hannunsa yana sauya ta daga hannu zuwa ƙafa, wallahi ɗakin tashi ya yi da ihu kamar an ci ƙwallo. Waɗanda suka fita suka dawo suna leƙe ta taga.

Maman Walida: Abin da yake ba ni dariya, mu da muka tashi da finafinan Indiya na awa uku mu ne muke kukan tsawo. Amma na gane dalili. Na Indiya yana ba ka waƙa ka miƙe ka sha ruwa. Wannan kuwa da an shiga daji babu numfashi. Ramin ƙwarin nan ne ya kashe ni, inda tsutsotsi suka haɗiye kan mai dafa abincin jirgi. Tuwo na gabana na ture shi. Baban Ummi, da ka tambaye ni da ban bari ka nuna wa yara wurin ba.

Baban Ummi: Hajiya, ai kafin nan duk sun yi barci. Ni kaɗai na sha wannan.

Malamin Tarihi: Mai dafa abincin da kike faɗa Andy Serkis ne, kuma shi ne ya yi motsin birin, aka ɗora hoton kwamfuta a kai. Har Ruwanda ya je ya zauna yana nazarin goggon biri. Ni na ga na 1933 daga baya, kuma can ma sai an haura minti arba'in kafin Kong ya fito, don haka jan ran ba Jackson ne ya ƙirƙiro shi ba, ya dai ƙara masa gishiri. Ban ga laifin awar farkon ba. A nan ne ake nuna Niyok cikin talaucin shekarun 1930, yarinyar da Naomi Watts ta fito a matsayinta ba ta da ko na abinci, har ta ɗauki tuffa a teburin mai sayarwa. In ba ka ga wannan ba, ba za ka fahimci me ya sa ta bi baƙon mutum cikin jirgi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: mutanen tsibirin. Baƙaƙe, idanu a juye, ba magana sai gurnani da kisa. A 1933 mutum zai ce zamanin ne. Bayan shekara 72 kuma fa? Na kalla da ɗalibaina, ɗaya ya tambaye ni me ya sa birin ya fi su hankali a fim ɗin. Ban sami amsar ba shi ba.

Ɗan Fagge: Malam, gaskiya lokacin ban lura ba, ihu kawai muke yi. Amma tseren dodannin nan a kwazazzabo da za a yanke shi da ba a yi asara ba, mutane na gudu tsakanin ƙafafunsu kamar an liƙa su.

Ƴar Damagaram: Ni kwana uku na yi ina kallonsa a waya, kullum awa ɗaya bayan isha'i, kuma haka ya fi mini daɗi: birni, tsibiri, a koma birni. Ban yi niyyar kuka ba. Sai da aka zo inda yake zamiya a kan ƙanƙara da yarinyar, yana wasa kamar jariri, ni kuwa na san jirage na jiransa a saman dogon benen Empire State. Mijina ya shigo ya tarar ina share hawaye, ya ce wa ya rasu? Na ce biri. Har yau bai daina tsokanata ba.

Baban Ummi: To shawararki zan bi. Yau da daddare za mu ɗora daga inda aka ɗaure yarinyar a bakin katanga. Ramin ƙwarin kuma zan tsallake shi, Hajiya, na ji.