Ƙanina ya maƙale wa wani kiɗa mai kama da injin markaɗe

Ɓoyayyiya, Makka: Salam ƴan uwa dan Allah shawara nake nema. Ƙanina ɗan shekara 17 a wajena yake nan Sharar Mansur tunda Mama ta rasu bara, to kusan wata biyu kenan kullum abin ji a kunne har asuba, rannan na zare na sa a nawa kunnen wlh sai da gabana ya faɗi, ba waƙa ba ce ƙara ce kamar ana yankan ƙarfe ga wani ƙato yana ta ihu. Ƴar maƙociyata ta fassara min, duk zancen duka ne da wulaƙanci da mai da mutum bawa. Wai Swans sunan masu kiɗan. In fasa wayar ne ko in kai shi ruƙiyya?

Hajiya Ummu Sultan: Subhanallah a garin Makka? Ki ƙwace wayar ƴata, ki riƙa sa Baƙara a gidan.

Abu Fahad, Jidda: Hajiya ayi haƙuri, ƙwacewa ba za ta yi ba, gobe zai ji a wayar aboki. Aunty na san su, ƴan New York ne sun fara a 1982, salon ana ce masa noise rock, da gangan suke ƙure jita har ta dinga kuka, ganga kuma a hankali kamar ana daka sakwara. Ba tsafi ba ne, haushin duniya suke amayarwa. Nima na ji irinsu lokacin da iƙamata (takardar izinin zama a Saudiyya) ta mutu ina zaman ɗaki ba aiki, da abu ya warware ni da kaina na daina. Ni wata biyun nan ne ya tsaya min, me ya faru dashi a lokacin?

Maman Hanan, Riyad: Ni nas ce, kunnen nake ji masa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) awa 40 a sati shi ne iyaka ga babba. Ki tambaye shi ko kunnen na masa ƙara in ya kwanta. In kuma ya rage cin abinci ko yana zancen gara ya mutu kar ki tsaya jira, sai asibiti, addu'a kuma ana haɗawa.

Ɓoyayyiya: Abu Fahad ka tuna min, wata biyun nan ne Mama ta cika shekara, kuma ranar bai ce uffan ba. Bari ya dawo daga Isha'i in zuba mana shayi, wayar dai na fasa taɓa ta.