An buɗe shafi da hotunan ƙanwata: wa ya taɓa bin haƙƙinsa har ya samu?

Babbar Yaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ya kwashe hotunan ƙanwata ya buɗe shafi da sunanta yana zuba maganganun banza. Yanzu ya ce a turo masa kuɗi, in ba haka ba zai haɗa mata hotunan tsiraici da manhaja ya watsa. Yarinya ko abinci ta kasa ci. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana hanyar da ya bi.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo sauƙi. Ni tsohon mijina ne ya yi min. Kar ku ba shi ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kar ta goge komai tukuna. Lauyata ta sa na ɗauki hoton kowane saƙo yadda kwanan wata da lambar waya za su fito, na kwafi adireshin shafin, na ajiye saƙonnin murya da lambar asusun da ya ce a tura kuɗi. Wannan asusun ne ya tona shi, don da sunansa aka buɗe. A Najeriya nake, ƙorafin da muka kai wa 'yan sanda ya dogara da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya haɗa da barazanar ɓata suna don karɓar kuɗi. An sha zirga-zirga, amma an gurfanar da shi.

Ɗalibi a Ingila: Anti, shekarunta nawa? In ta kai 18 akwai StopNCII, wani shafin intanet da ke taimakawa a hana watsa hotunan tsiraici. Hoton ba ya barin wayarta, wata lamba ce ake cirowa daga jikinsa a ba Facebook, Instagram da TikTok su tare shi. Ni ta yi min amfani, sai dai ba ta hana yawo a WhatsApp. A nan, tun 2024 barazanar watsa irin hoton ma laifi ce, ko ba a watsa ba.

Malamar Jinya: 'Yata ba ta kai 18 ba lokacin, Take It Down muka yi amfani da ita, irin StopNCII ce amma ta 'yan ƙasa da shekara 18. A Amurka wata doka ta 2025 ta ba shafuka awa 48 su sauke hoton bayan ƙorafi, har wanda aka haɗa da manhaja. Abin da ya fi min wuya shi ne shawo kanta ta yarda a je wurin hukuma, kunya ta rufe ta alhali ita aka zalunta. Ki raka ta da kanki, kar ki bar ta ta yi bayani ita kaɗai.

Babbar Yaya: Na gode, Allah Ya saka. Shekararta 22. Lambar asusun tana nan, gobe za mu ga lauya. Maman Biyu, 'yan sanda sun karɓi wayarki ne, ko hotunan saƙonnin sun isa?