Buɗe asusun banki a ƙasar waje: shawarar ɗalibai

A zaman da ɗaliban da suka dawo hutu Kaduna suka yi da ƙannensu masu shirin tafiya, maganar asusun banki ce ta cinye lokaci.

Na Ingila sun ce banki zai nemi fasfo, shaidar biza da wasiƙar jami'a mai ɗauke da adireshin inda kake kwana. A nan ake tuntuɓe. In adireshin ya saɓa da wanda ka cika a fom, ko da lambar ɗaki ce, sai a ce ka koma ka gyaro. Don haka ka tare tukuna, sannan ka karɓi wasiƙar. Asusun Monzo da Revolut, manhajojin banki da ake buɗewa ta waya, sukan fi sauri.

Jamus kuwa tun kana gida za ka zuba kuɗin shekara a kullallen asusu: Yuro 11,904 aka tsayar a 2024, ana sakar maka 992 duk wata. Mai zuwa Amurka ya riƙe takardar I-20, wato shaidar da jami'a ke bayarwa cewa ta karɓe ka karatu.

Gargaɗin da ya fi kama ni: kada ka ara wa kowa asusunka ya wuce da kuɗi, ko ɗan unguwarku ne. In kuɗin damfara ne, kai za a tuhuma, asusun ma a rufe shi.