Saniyata ta ƙi tsayawa a tatse ta

Salam jama'a, a taimaka min. Ina da saniya Bunaji a gefen Ikorodu, haihuwar fari ce, mu ma sabbi ne a kiwo. Da na taɓa hantsarta sai harbi, ta ture ƙwarya nonon ya zube. Na sa mata dabaibayi, na zuba dusa a gabanta, na wanke hantsar da ruwan ɗumi, duk a banza, in ma ta tsaya sai ta riƙe nonon ko rabin lita ba na samu, amma da an saki maraƙin nan take yake zubowa. Hantsar ba kumburi ba ciwo, na duba sosai. Abin ya dame ni wallahi, don yara muka saye ta. Yaya ake saba wa saniya mai haihuwar fari da tatsa har ta daina harbi?