Wane suna za mu ba "glacier" da Hausa?

Salamu alaikum malaman lakol da masu fassarar labaru a gidajen rediyon Damagaram. Kalmar glacier da ke cikin darasin tsaunukan Alp na Turai, kowa da yadda yake faɗarta. Ya kamata mu tsaya a kan guda.

Bari in fara da abin kansa. Can saman tsauni dusar ƙanƙara na zuba, zafin shekara bai isa ya narkar da ita duka ba, ta bana ta danne ta bara. Shekaru na tafiya nauyi yana matse ta har ta zama ƙanƙara tsantsa. In ta yi kauri sosai sai ta fara gangarowa cikin kwari, kamar kunu mai kauri a kwanon da aka karkata. Irinta mai suna Aletsch a ƙasar Suwis, wadda ta fi kowace girma a Alp, tsawonta ya kai kilomita 20, kaurinta a wani wuri wajen mita 800, kuma tana matsawa sama da mita 100 a shekara. Ido ba ya ganin tafiyar, amma tana nan tana kankare duwatsu, tana buɗa kwarin, tana tura tsakuwa da manyan duwatsu gabanta da gefenta.

Saboda haka "dutsen ƙanƙara" da wasu ke cewa bai kwanta mini ba. Dutse dai irin namu na Birni, inda kakanni suka same shi nan yake. Kuma wannan suna ya fi dacewa da ƙaton ɓallin ƙanƙarar da ke yawo a teku.

Wani malami ya kawo "tekun ƙanƙara", ya kafa hujja da Mer de Glace (wato "tekun ƙanƙara" da Faransanci) da ke gindin tsaunin Mont Blanc, kusa da garin Shamoni a Faransa. Allah ya gafarta Malam, wannan sunan wuri ɗaya ne. Abin ma a matse yake tsakanin tsaunuka, yana da mafari, yana da rassa masu haɗuwa da shi, yana da inda yake ƙarewa.

Ni "gulbin ƙanƙara" na zaɓa. Wata Hajiya ta ce mai sauraro zai ɗauka gulbi ne sanyi ya daskarar. Maganarki abin dubawa ce, Hajiya, amma wancan muna da sunansa: daskararren gulbi. Wannan kuwa bai taɓa zama ruwa mai gudu ba, kuma a sashensa na ƙasa ya fi narkewa. Kogin Ron da ya ratsa biranen Janiba da Liyon daga bakin irinsa ya fito.

Masu cewa a bar shi "galasiye" na ji ku, sai dai tsohuwa a Mirya ko Magarya ba abin da za ta tsinta a ciki.

Mu gwada shi a labari mu ji. A 2022 da 2023 gulaben ƙanƙara na Suwis sun yi asarar kashi 10 cikin 100 na jikinsu. A watan Mayun 2025 gulbin ƙanƙara na Birch ya rufto ya binne yawancin ƙauyen Blatten, bayan an kwashe mazaunansa kimanin 300. Ni dai harshena bai sarƙe ba. Saura moraine, tulin tsakuwar nan da gulbin ƙanƙara yake bari in ya ja baya, wanda ke da shawara ya kawo.